Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Sassan Hausa Na Jami'o'inmu Da Masu Buga Littattafai: A Ɗebo Mana Tagore Daga Tushe

Assalamu alaikum.

Malamanmu na sassan koyar da harsuna a Jami'ar Bayero, da Ahmadu Bello, da Usmanu Ɗanfodiyo, da takwarorinku na Jami'ar Abdou Moumouni da ke Yamai, da shugabannin ƙungiyoyin marubuta, da masu maɗaba'a: bayan gaisuwa da fatan alheri, roƙo ɗaya ne ya kawo mu gabanku. Muna so ku ɗauki nauyin fitar da littafin gajerun labarai da waƙoƙin Rabindranath Tagore da Hausa. Roƙon yana tafe da sharaɗi, kuma sharaɗin ne ya sa wasiƙar ta yi tsawo: kada a ɗauki tsohuwar fassarar Turanci ta shekarun 1910 a juye ta zuwa Hausa, a ce an fassara Tagore.

An haife shi a Kalkata ranar 7 ga Mayu 1861, ya rasu ranar 7 ga Agusta 1941. Da harshen Bangla ya yi rubutunsa, harshen mutum sama da miliyan 200 a Bangladesh da gabashin Indiya. Ya bar waƙoƙin rerawa sama da dubu biyu, kuma daga cikinsu ne Indiya da Bangladesh suka ɗauki taken ƙasarsu. A 1913 ya zama mutum na farko daga wajen Turai da ya karɓi kyautar Nobel ta adabi. To ita wannan kyauta ce ta jawo matsalar da muke so ku kauce wa.

Littafin da ya kai shi ga kyautar shi ne Gitanjali na Turanci, wanda aka buga kwafi 750 a Landan a 1912 da gabatarwar mawaƙin Ireland W. B. Yeats. Tagore da kansa ya fassara shi. Amma sunan kaɗai ya yi daidai da Gitanjali na Bangla da ya fito a 1910. Na Bangla waƙa 157 ne, na Turanci 103, kuma hamsin da 'yan kai ne kawai daga cikinsu suka fito daga littafin asali, sauran ya tsinto su daga wasu littattafansa. Waƙoƙin asali suna da kari da amsa-amo, da yawansu ma rera su ake yi da amshi. Na Turanci zube ne, da tsohon Turanci irin na littafin addu'a. Daga wannan zuben André Gide ya yi fassarar Faransanci wadda 'yan'uwanmu na Nijar za su fi saurin samu, daga shi kuma aka yi na Sifaniyanci. Shi kansa Tagore daga baya ya nuna nadama a wasiƙunsa kan yadda ya rage wa waƙoƙinsa ƙarfi don su shiga kunnen Turawa.

Ga misali ɗaya da zai wadatar. Waƙa ta 35 a littafin Turanci, wadda ke roƙon ƙasar da zuciya ba ta tsoro kuma ilimi ba ya ɗaure, ita ce aka fi haddacewa a makarantu. Asalinta yana cikin littafin Naibedya na 1901, ɗango 14 ne masu amsa-amo biyu-biyu. A ƙarshenta mawaƙin ya roƙi Ubangijinsa ya kai wa Indiya duka da hannunsa, dukan da babu sassauci, don ta farka. A Turanci dukan ya ɓace, sunan ƙasar ma ya ɓace, aka bar roƙo mai taushi na a tashe ta. Wanda ya fassara daga Turanci zai ba Bahaushe addu'ar mai lallashi, alhali mawaƙin tsawa ya yi. Tagoren da ya mayar wa Ingila lambar girmamawarta a 1919 bayan kisan da sojojinta suka yi wa jama'a a Jallianwala Bagh yana cikin waƙar asali, ba ya cikin ta Turanci.

Shawararmu ita ce a fara da labarai, waƙoƙi su biyo baya a cikin littafin. Wajen 1890 mahaifinsa ya tura shi kula da gonakin gidansu a Shilaidaha da Shahzadpur da Patisar, duk a Bangladesh ta yau. Ya yi shekaru yana yawo a jirgin ruwa mai ɗaki a kan kogin Padma, yana karɓar haraji, yana sauraren ƙarar manoma. A cikin shekaru goma ya rubuta labarai sama da hamsin, kuma su ne suka kafa gajeren labari a harshen Bangla. Mutanen cikinsu ƙananan mutane ne: marainiya, bebiya, farke, manomin da aka sa aikin banza, uban da bashin aure ya karya.

Ɗauki labarin mai gidan waya na 1891. Saurayi ɗan Kalkata aka turo ƙauyen Ulapur, kaɗaici ya dame shi, sai ya shiga hira da Ratan, marainiya 'yar shekara 12 ko 13 da ke masa aikace-aikace, yana koya mata baƙaƙe. Ya kwanta zazzaɓi, ta yi jinyarsa kamar uwa. Da ya warke ya nemi canjin wuri, aka hana shi, ya ajiye aiki. Ta tambaye shi ko zai tafi da ita gidansu, ya yi dariya. Ya miƙa mata kuɗi, ta ƙi, ta ruga. A cikin jirgi ya ji kamar ya koma, sai iska ta cika filafilan jirgin, ya lallashi kansa da cewa rabuwa ai ruwan dare ce a duniya. Ita kuwa Ratan ba ta da wannan falsafa, tana can tana zagaya gidan waya. Labarin bai wuce shafi shida ba, babu mugu a cikinsa, amma mai karatu yana rufe shi da nauyi a ƙirji. Duk ƙarfinsa yana cikin abin da ba a furta ba. Mai fassarar da ya ƙara wa Ratan kuka da sambatu, don ya ga kamar labarin ya yi sanyi, ya kashe shi.

A wannan labarin ne tarkon farko yake. Bangla yana da hanya uku ta cewa kai ko ke: apni ga babba, tumi ga na kusa, tui ga yaro ko bara ko aminin ƙuruciya. Mai gidan waya yana ce wa Ratan tui, ita tana ce masa tumi. Turanci ya haɗe su duka wuri ɗaya, don haka wanda ya bi Turanci ba zai taɓa sanin akwai tazara a bakinsu ba. Hausa tana da “ku” na girmamawa wanda zai ɗauki apni lafiya lau. Tazarar tumi da tui kuwa sai a ɗora ta a kan yadda ake kira: shi ya ce “ke Ratan”, ita ta kira shi da laƙabi. Laƙabin da take kiransa shi ne dadababu, wato dada, yaya, haɗe da babu, wanda ke nufin maigida ko yallaɓai. A nan sai a yi hattara sosai. Kalmar babu tana bin sunan kusan kowane mutum mai mutunci a labaran Tagore, kuma idon Bahaushe zai karanta ta da ma'anar Hausa. Kada a bar ta a rubuce ko sau ɗaya. A sa Malam ko Yallaɓai gaban sunan, gwargwadon matsayin mutumin, Ratan kuma ta ce “Yaya”.

Sunayen dangi su ne wurin da Hausa ta fi Turanci dacewa da Bangla nesa ba kusa ba, kuma abin takaici ne a bi ta Turanci a zubar da wannan riba. Mama a Bangla ɗan'uwan uwa ne, kawu ke nan. Kaka ƙanin uba ne, baffa. Pishi gwaggo ce, mashi kuwa 'yar'uwar uwa, inna. Turanci kalma biyu yake da su ga duk waɗannan. A labarin Chhuti, yaro Fatik an kai shi Kalkata gidan mama ɗinsa, kuma sai an san kawu ne, wan mahaifiyarsa, kafin a gane dalilin da ya sa matar gidan take ganinsa a matsayin kayan da dangin miji suka ɗora mata. Haka kuma wasan da ke tsakanin matar yaya da ƙanin miji, wanda a kansa aka gina Nashtanir na 1901, labarin da Satyajit Ray ya mai da fim ɗin Charulata a 1964. Mai karatun Ingila sai an yi masa dogon bayani, Bahaushe kuwa ya san wannan wasa tun yana yaro. Abin kiyayewa kawai shi ne kada mama da kaka su shigo littafin da siffarsu ta Bangla, su rikita uwa da kawu.

Kabuliwala, wato mutumin Kabul, na 1892 shi ne labarin da zai fi saurin shiga zuciyar masu karatunmu, wasu ma sun san shi ta fim ɗin Indiya na 1961 wanda Balraj Sahni ya fito a ciki. Rahamat farke ne Musulmi daga Afganistan, yana talla gida-gida da busassun 'ya'yan itace da mayafai, yana ba da bashi, yana bin kuɗinsa kafin ya koma gida. Ya shaƙu da Mini 'yar shekara biyar. Ya soki wani da ya musa bashin mayafi, aka ɗaure shi, ya fito bayan shekara takwas a daidai ranar ɗaurin auren Mini. Sai ya zaro wata tsohuwar takarda daga ƙirjinsa, mai ɗauke da shatin tafin hannun 'yarsa da ya bari a gida. Mahaifin Mini ya rage kuɗin fitilu da na 'yan badujala ya ba shi kuɗin komawa.

Abu uku ne ke ɓaci a wannan labari. Na farko wasan kalma ne: shoshur-bari yana nufin gidan surukai, inda yarinya za ta tafi, kuma a bakin mutane irin su Rahamat yana nufin kurkuku. A Hausa gidan surukai ba ya nufin gidan yari. Mai ba da labarin da kansa ya bayyana ma'anar biyu a ciki, don haka a bar “gidan surukai” a ko'ina tare da bayaninsa. Idan aka sa “gidan miji” a wani wuri, “gidan kaso” a wani, to kunyar da Mini ta ji ranar aurenta da aka maimaita mata tsohuwar tambayar ba za ta yi ma'ana ba. Na biyu, Rahamat Banglarsa ta baƙo ce, yana karkata kalmomi da hanci. A nuna wannan a jimla biyu ko uku na wasansa da yarinyar, kamar yadda asali ya yi, kuma kada a ari lafazin wata ƙabila da muka sani a Nijeriya ko Nijar, don mai karatu zai bar Kabul ya koma dariyar maƙwabcinsa. Na uku shi ne sunan Parbati. Tsohuwar fassarar Turanci ta sa ana ɗauka sunan 'yar Rahamat ke nan. Kalmar tana nufin 'yar duwatsu, kuma mai ba da labarin ne ya yi mata wannan kirari, yana haɗa ta da Durga, allahiyar Hindu wadda ake bikin komawarta gidan miji a daidai lokacin da Mini za ta tafi nata. A Hausa “'yar duwatsun nan” ya isa, da layi ɗaya na bayani a ƙasan shafi.

Dena Paona, wato bashi da biya, yana da nasa tarko na al'ada. A can uban amarya ne ke biyan gidan ango. An yanka wa Ramsundar rufi, wato kuɗin Indiya, dubu 10, ya kasa cikawa, 'yarsa Nirupama ta zauna a gidan miji ana mata gorin bashin har ciwo ya kashe ta, aka yi mata jana'izar alfarma da itacen sandal, aka nema wa mijin wata a kan dubu 20, kuɗi hannu. Duk wanda ya rubuta “sadaki” a nan ya kifar da labarin, domin sadaki daga miji yake fitowa, kuma haƙƙin mace ne. Kayan ɗaki da gara sun fi kusa da shi wajen nauyin da suke ɗora wa uba, amma su ma ba shi ba ne. A rubuta “kuɗin da uban amarya ke biya”, a bar mai karatu ya yi nasa kwatancen.

Shasti na 1893 shi ne zai gwada gwanintar mai fassara. Dukhiram da ƙaninsa Cidam sun wuni suna gyaran rufin ofishin mai gonaki ba a biya su ba. Dukhiram ya dawo da yunwa, matarsa ta yaɓa masa magana, ya sare ta. Cidam ya ɗora laifin a kan matarsa Candara, yana cewa mace ana sake wata, ɗan'uwa kuwa ba a sakewa. Ya koya mata ƙaryar da za ta kuɓutar da ita, ta ƙi, ta amsa laifin har gaban alƙali. Dab da rataya likita ya ce mata mijinta yana son ganinta, sai ta ce kalma ɗaya, labarin ya ƙare: maran. Ma'anarta mutuwa, amma matan ƙauye suna faɗinta wajen tsaki, da wajen shagwaɓa ko kunya idan an ambaci miji. Fushi da raini da ragowar so duk suna cikinta, ga kuma igiya tana jira. “Mutuwa!” kaɗai ya bushe. “Tir da shi!” ya ɗauki fushin ya bar sauran. Mu dai mun fi karkata ga “Gara mutuwa!”, domin mace Bahaushiya takan faɗe shi da gaske, takan kuma faɗe shi da baki kawai. A ba kalmar nan zama guda na musamman, a kira mata dattawa su saurara, kowace ta faɗi abin da bakinta zai furta a wannan matsayi.

A labaran kotu irin wannan akwai kalmomin Larabci da Farisanci da suka shiga Bangla kamar yadda suka shiga Hausa, amma suka sauka a wata ma'ana. Hakim majistare ne, ba hakimin gunduma ba. Ukil lauya ne, ba wakili ba. Nayeb wakilin mai gonaki ne mai karɓar haraji, ba na'ibin liman ba. Kuɗi a bar su rufi da ana, ana 16 ne rufi ɗaya, kada a mai da su naira. Tsirrai kuwa wasu namu ne: tsamiya, mangwaro, shinkafa, darbejiya, da baba na rini wanda masana'antarsa ce dalilin kafa gidan wayar Ulapur. Pat dangin lalo ne da ake nomawa don zarensa, kamar yadda muke yi da rama. Furanni irin su shiuli da kadam da bakul a bar su da sunansu.

Shekarar Bengal yanayi shida ce, kowane wata biyu, tana farawa a tsakiyar Afrilu. Grishma bazara ce, barsha damina, hemanta kaka, shit lokacin sanyi. Sharat shi ne wata biyun da ruwa ke ɗaukewa, sama ta washe, lokacin bikin Durga da auren Mini. Basanta kuwa, daga tsakiyar Fabrairu zuwa tsakiyar Afrilu, lokacin fure ne da iskar kudu, kuma shi ne yanayin soyayya a waƙoƙinsa. Kuskuren da ya zama ruwan dare shi ne a fassara shi da “bazara” ta hanyar Turanci. Bazara a wurinmu gumi ne da ƙarancin ruwa da jiran hadari. Mawaƙin da aka sa ya ce bazara ta zo da ni'ima, Bahaushe zai ce bai san abin da yake faɗa ba. “Lokacin fure” ya fi aminci. A ɗaya ɓangaren kuma, waƙoƙinsa na damina, da hadari ya haɗo da ƙanshin ƙasa da kewar wanda ke nesa, za su zauna a Hausa fiye da yadda suka taɓa zama a Turanci, domin mu ma mutanen jiran ruwa ne.

Sai waƙa. Babbar wahala a nan ita ce jinsi. Bangla ba ya rarrabe shi da ita, kalma ɗaya ce, kuma aikatau ba ya nuna mace ko namiji. Hausa kuwa ba ta iya buɗe baki ba ta zaɓa ba. A waƙar Sonar Tori, jirgin zinariya, manomi yana zaune bakin kogi da damin shinkafarsa, wani ya zo yana tuƙa jirgi yana waƙa, ya kwashe amfanin duka, da manomin ya ce a ɗauke shi sai aka ce babu wuri. Waƙar ba ta faɗi ko matuƙin mace ne ko namiji ba, masu fassara kuma sun rabu a kai. Hausa tana da mafita idan an yi haƙuri: “mai jirgi” ba shi da jinsi, “wa ke tafe” ba shi da jinsi, sigar “aka” da “ana” tana ɓoye mai aikin, “ku” kuma yana rufe wanda ake magana da shi. Da waɗannan huɗu ana iya ratsa baiti shida na waƙar ba a tona abin da mawaƙin ya rufe ba. Inda ya gagara, a zaɓa, a faɗa a ƙasan shafi cewa zaɓin mai fassara ne. Wannan yana da muhimmanci domin a ɗaruruwan waƙoƙinsa ba a sanin ko da Ubangiji yake magana ko da masoyiya, kuma da gangan ya yi.

Game da kari, ku ne malaman abin. Payar, karin da ya fi yawa a tsohuwar waƙar Bangla, ma'auni 14 ne a ɗango, da numfashi bayan na takwas, ɗango biyu-biyu suna amsa juna. 'Yar ƙwar biyu mai canza amsa-amo a kowane baiti za ta ɗauke shi. Baitin Sonar Tori yana buɗewa da dogayen ɗango biyu masu amsa-amo ɗaya, sai gajeru uku masu nasu, sannan a koma na farko, tsarin da duk wanda ya san babban amsa-amo da ƙarami zai gane nan take. Waƙoƙin rerawa kuma suna da amshi da ake komawa bayan kowane sashe, a mayar musu da shi. Abin da ke lalata irin wannan aiki shi ne cikon ɗango: a rasa gaɓa biyu sai a cusa “ya jama'a” ko “hakika”, ko a jawo kalmar Larabci mai nauyi don ƙafiya. Ƙa'idar da muke ba da shawara ita ce, idan ƙafiya za ta sa a ƙara hoton da babu shi a asali, a sadaukar da ƙafiyar wannan baiti. Waƙoƙinsa na shekarun ƙarshe da yawa ba su da amsa-amo tun asali, kada a ƙaƙaba musu.

Batun addini ba za mu kewaye shi ba. Tagore ɗan gidan Brahmo Samaj ne, ƙungiyar da ta bar bautar gumaka ta riƙe ubangiji ɗaya, mahaifinsa Debendranath ne jagoranta. Uban nasa mai son waƙoƙin Hafiz ne, mawaƙin Farisa, ɗan kuma ya ziyarci kabarin Hafiz a Shiraz a 1932. Wanda ya saba da waƙoƙin bege zai ji wani abu da ya sani a muryarsa. Duk da haka ba Musulmi ba ne, yana kiran abin bautarsa uba, da aboki, da sarki, da ango. Amanar fassara ita ce a bar kalmarsa yadda ya faɗe ta, a yi bayanin aƙidarsa a gabatarwa cikin shafi ɗaya. A musuluntar da shi ƙarya ce a kansa, a goge wuraren kuma yaudarar mai karatu ce. Idan akwai waƙar da kuka ga ba za ta karɓu a aji ba, a bar ta gaba ɗaya, akwai dubu da za a zaɓa. Bangladesh, ƙasar da mafi yawan mutanenta Musulmi ne, da waƙarsa take buɗe taron ƙasa, waƙar da ya ɗora a kan karin wani mawaƙin yawo, Gagan Harkara, mai raba wasiƙu a Shilaidaha.

Ga yadda muke ganin aikin zai tafi. Littafin farko ya tsaya a labari 12 da waƙa 25 zuwa 30. A haɗa da Subha, labarin bebiyar da shanu biyu ne ƙawayenta, da Strir Patra na 1914, wasiƙar matar da ta bar gidan miji bayan shekara 15. Mutum huɗu sun isa: mai jin Bangla a matsayin harshen uwa, mai fassara, mawaƙi, da edita. Mai jin harshen Hindi ba zai maye gurbin na farkon ba, harsuna biyu ne da rubutu biyu. Ofisoshin jakadancin Indiya da Bangladesh suna Abuja, kuma jami'ar Visva-Bharati da Tagore ya kafa a Santiniketan a 1921 tana nan da sashen Bangla, ga Jami'ar Dhaka. Matanin asali yana intanet kyauta a rumbun Bichitra na Jami'ar Jadavpur, har da hotunan rubutun hannunsa.

Mai jin Bangla zai fara rubuta ma'anar kowace jimla kalma-kalma, yana sa alama a kan wakilin suna da sunan dangi da karin magana. Ya kuma karanta matanin da murya a naɗa, don mawaƙi ya ji numfashinsa. Mai fassara ya ajiye wannan a gefe ɗaya, a ɗaya gefen fassarar zamani biyu da aka yi kai tsaye daga Bangla, irin ta William Radice ta waƙoƙi a 1985 da ta labarai a 1991, ko ta Ketaki Kushari Dyson, ko wadda Sukanta Chaudhuri ya tace. Duk inda biyun suka saɓa, a nan wahalar take, a koma wa mai harshen. Daftarin Hausa kuma a karanta shi da baki ga mutanen da ba su san labarin ba, a lura da inda suka tambaya. A ƙarshe a juya wa mai jin Bangla Hausar baki da baki, ya faɗi abin da ya ragu da abin da ya ƙaru. A tambaye shi kuma wane salo aka yi rubutun da shi: labaran shekarun 1890 da sadhu aka ba da su, salon littafi mai dogayen aikatau, zancen mutane a ciki ya fi sauƙi, Strir Patra kuwa da chalit ne, salon baki. Na farko yana son Hausar dattawa mai natsuwa, na biyu Hausar mace mai magana kai tsaye.

Haƙƙin mallakar rubutun Tagore ya ƙare a Indiya a ƙarshen 2001, shekara 70 da dokar Nijeriya ta tanada bayan rasuwar marubuci ita ma ta cika a 2011. Fassarorin zamani kuwa suna da masu su. Duba su don tantance ma'ana daidai ne, juye su jimla-jimla sai da izini a rubuce.

Saura rubutun sunaye. A tsayar da ƙa'ida ɗaya tun shafin farko: ch ta zama c, ph ta zama f, kamar yadda muka yi wa Candara da Fatik a sama. Sunayen littattafai da labarai a bar su yadda aka san su, kowanne da fassararsa ta Hausa a gefe. A bango a rubuta Tagore don mai nema ya same shi, a gabatarwa kuma a gaya wa mai karatu cewa Turawa ne suka lanƙwasa sunan, mutanensa Thakur suke cewa, mafi yawa ma Robindronath kawai suke kiransa. A ƙara taswira ɗaya mai nuna Kalkata da kogin Padma da Shilaidaha, da shafi ɗaya na watanni 12 da yanayinsu. Muna kuma roƙon a naɗi labaran da murya tun ana aikin, ko da uku ne na gwaji, a ba gidajen rediyo, a fara da Kabuliwala.

Allah ya ƙara wa malamai lafiya. Wassalam.

Naku,
Wasu ɗaliban adabin Bengal da aikin fassara